Gwaji Na Goma Sha Bakwai

Shafi na 23

Masu cewa na ɓoye muku Yaya Haliru tun shafi na ashirin, to yau ga shi na fito muku da shi. Wadda zuciyarta ba ta da ƙarfi ta nemi wuri ta zauna kafin ta fara.

*

Ƙarfe ɗaya daidai allon ya yi ja.

Juwairiyya ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta. Ofishin ƙungiyarsu ta Kunnen Karkara shiru, mazan duk sun tafi Juma'a, ko hayaniyar Sabon Gari da ke shigowa ta taga ta lafa. Ita kaɗai ta rage, a zatonta.

Ta jawo kujera ta matso.

Kwaɗo ita ta rubuta shi da hannunta. Wata 'yar manhaja ce mara hoto mara kwalliya, sai dai ka buga mata umarni a baƙin allo. Aikinta ɗaya, gadin fayil ɗin sunaye. Manoma arba'in da uku ne a ciki, daga ƙauyukan Tsafe, Bunguɗu da Kwatarkwashi, masu bugo waya a ɓoye duk sanda suka hango baburan 'yan bindiga, don a sanar da mutane su kauce. Ba a buɗe fayil ɗin sai ta hannun Kwaɗo, kuma in mutum ɗaya ya shiga, Kwaɗo zai datse har sai ya fito.

Don ta tabbatar yana aiki, ta haɗa masa gwaje-gwaje ashirin da biyar masu tashi da kansu duk bayan awa ɗaya. Na goma sha bakwai ne kawai ke taɓa fayil ɗin gaske. Zai ƙwanƙwasa, in babu kowa a ciki ya yi kore ya wuce.

Sau huɗu ya yi ja cikin kwana goma sha tara. Duk sanda ta sake tayar da shi sai ya koma kore, ita kuma ta ce ai kuskuren rubutunta ne, ta ci gaba da harkarta. Jiya ne da ya yi na huɗu zuciyarta ta ƙi kwanciya, ta ƙara masa layi ɗaya tak: in ka tarar da wani a ciki, faɗi sunansa.

Yau ya faɗa.

GWAJI 17: YA FAƊI
KWAƊO YANA HANNUN: haliru
NA'URA: ɗakin ciki

Ta karanta sau uku. Yaya Haliru, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fara ɗora hannunta a kan kwamfuta. Da idonta ta gan shi ya saɓa darduma ya fita tun sha biyu da rabi.

Ta miƙe, ko takalmi ba ta nema ba. Ɗakin ciki yana da ƙofar baya, ta san haka. Ta tura ƙofar a hankali.

Yana zaune gaban babbar kwamfutar, dardumar na ninke a kafaɗarsa, filashi a soke a jikin na'urar yana ƙyafta wuta.

"Yaya."

Ya zabura har kujerar ta yi ƙara.

"Ke ba ki tafi gida ba?"

"Kai ba ka tafi masallaci ba?"

"Na manta wani abu ne."

"Cikin fayil ɗin sunaye ka manta shi?"

Ta dubi allon ta saman kafaɗarsa. Kashi sittin da biyu. Kwafar fayil ɗin yake yi, duka.

"Yaya, mi kake yi?"

"Ajiya nake yi mana. Ko da na'urar ta lalace."

"Kai da bakinka ka kafa dokar kada a kwafe shi. Ka ce ko kai ne aka kama a kore ka."

"Juwairiyya, fita."

"Ranar biyu ga wata gwajin nan ya yi ja." Ta tsaya a inda take. "Ranar huɗu anka yanka Malam Mannir a gonarsa, gaban matarsa. Ranar takwas ya yi ja. Ranar tara sunka ɗauke Sama'ila mai faci daga bakin titin Tsafe, har yau kansa kawai anka gani. Ranar sha huɗu..."

"Na ce ki fita."

"Haruna ɗan shekara ashirin ne, Yaya. Harshensa sunka yanke kafin su kashe shi. Ni na ɗauki wayar uwarsa. Kana tsaye kusa da ni kana cewa Allah ya tona asirin mai ba su labari."

Kashi saba'in da takwas.

Ta yi wuf ta miƙa hannu ta fizge filashin.

Ba ta ga tahowar hannunsa ba. Ƙarar kawai ta ji, sai ga ta ta bugu da taga, gilasai biyu suka zube a kanta. Kunnenta na hagu ya ɗauki wani irin kuka kamar an kunna inji a ciki. Tun da take a duniya Yaya Haliru bai taɓa ɗaga mata hannu ba, shi ne ma mai shiga tsakani in Inna ta ɗauko bulala.

Ta taɓa goshinta, hannun ya dawo da jini.

"Ba ni." Ya tsaya a kanta yana haki. "Ba ni shi tun ban yi miki illa ba."

Ta damƙe filashin a ƙirjinta. Ya durƙusa ya kama hannun ya murɗe, ta ji yatsunta suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ta gantsara masa cizo a damtse har haƙoranta suka haɗu da nama. Ya saki, ita kuma ta jefa filashin ƙasa, ta jawo ƙafar kujerar ƙarfe ta danna a kansa da duk nauyinta. Ya fashe. Ta ƙara dannawa, ta ƙara, har ya zama gari.

Haliru ya shaƙo ta ta hijabi ya miƙar da ita tsaye ya haɗa bayanta da bango.

"Kin san abin da kika yi? Kin kashe ta. Wallahi kin kashe ta."

"Wa?"

Hannunsa ya saki. Ya ja da baya ya zauna daɓas a ƙasa cikin gilasan, kamar an zare masa ƙasusuwa.

"Balkisu."

"Anti Balkisu tana Tsafe wajen iyayenta. Kai ka kai ta haihuwa."

"Ban kai ta ba."

Ta zura masa ido.

"A hanya sunka tare mu, bayan mun wuce gadar nan. Sun san sunana, sun san inda nake aiki. Sun fito da ita daga mota da cikin wata takwas, sun durƙusar da ita a kan kwalta, ɗaya ya ɗora mata bakin bindiga a ciki. Babbansu ya ce ba abin aljihuna suke so ba. Ya ce sunan masu kai ƙararsu suke so."

"Kwana goma sha tara," ta ce a hankali.

"Ashirin yau."

"Ka ce mana babu sabis a can shi ya sa wayarta ba ta shiga."

"Su kuma iyayenta na ce musu likita ya hana ta tafiya, wayar kuma ta faɗa ruwa."

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya danna wani saƙon murya ya ajiye a ƙasa tsakaninsu.

Da farko iska ce kawai da kukan awaki. Sai ƙarar bulala. Sai muryar Balkisu, ta dishe har ba a gane ta, tana kiran sunan Allah tana kiran Haliru. Wani namiji ya yi dariya a gefe ya ce ta ɗaga murya mijinta bai ji ba. Bulalar ta sake sauka.

"Kashe," in ji Juwairiyya. "Don Allah kashe."

Ya kashe.

"Duk bayan kwana biyu suke turo min irinsa. Na ce zan ba su suna ɗaya su sake ta. Na zaɓi Malam Mannir don ya taɓa gaya min zai koma Gusau da zama, na zaci ya riga ya taso. Da sunka gama da shi sunka ce ɗaya bai isa ba." Ya goge fuska da dardumar. "Jiya sun ce wasan ya ishe su. Duka suke so kafin la'asar ɗin yau, in ba haka ba za su farka cikin su turo min hoton abin da ke ciki."

Juwairiyya ta sulale ta zauna. Balkisu ce ta yi mata kitson sallar bara. Kayan jaririn ma tare suka zaɓo su a kasuwa, har suna gardama a kan launin shawul.

"Mi ya hana ka faɗa mana?"

"In faɗa wa wa? Sun ce ko Inna ta ji, za su sani."

"Da mun nemi hanya."

"Wace hanya? Ke kin taɓa ganin wanda anka je anka ƙwato?"

"Mutum arba'in ne sunka rage a fayil ɗin nan, Yaya. Kowannensu yana da mata, yana da 'ya'ya. Ni na bi su ƙauye ƙauye na rantse musu babu mai ganin sunansu."

"Ban san su ba. Ita na sani."

Ya miƙe. Fuskarsa ta bushe, hawayen sun tsaya. Ya buɗe durowa ya ciro wani filashin.

"Minti shida kawai yake ɗauka. Ki zauna nan, kada ki motsa. In an gama ki kira hukuma, ki kira duk wanda kike so, su harbe ni a bakin kasuwa. Amma sai ta dawo."

Ta dubi allon. Kwaɗo ya riga ya saki fayil ɗin tun da ta fizge filashin farko, yanzu babu kowa a ciki.

Akwai wani umarni da ta saka masa tun farkon aikin, don ranar da 'yan bindiga za su iya fasa ofishin. Kalmomi biyu ne. Yana cinye fayil ɗin, ya rubuta shirme a gurbinsa sau bakwai, babu mai dawo da shi har abada. Gwaji na ashirin da biyar kullum yana gwada shi a kan fayil ɗin bogi, bai taɓa faɗuwa ba.

Haliru ya sunkuya bayan na'urar yana neman ramin filashi.

Ta tashi da gudu ta faɗa kan madannan. Yatsu biyu na hannun damanta ba sa lanƙwasuwa, da hagu ta buga.

kwado kona

KIN TABBATA? RUBUTA EH.

Ta rubuta E.

Ya ɗago ya gani. Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya zagayo teburin ya cakumo ta ta baya, ya naɗe wuyanta da damtsensa ya ɗaga ta sama. Ƙafafunta suka bar ƙasa. Ta shure, ta yaƙushe shi, numfashi ya ƙi shiga. Ɗakin ya fara duhu daga gefe gefe.

"Kada ki sa in kashe ki," yake faɗa a kunnenta yana kuka. "Juwairiyya, ƙanwata, kada ki sa in kashe ki."

Hannunta na ta lalube a kan teburin. Takardu, waya, tef. Sai ta ji sanyin ƙarfe. Almakashin yanka tef ne.

Ta ɗaga ta caka a bayan hannunsa.

Ya yi ƙara ya sake ta. Ta faɗo da gwiwoyi, ta ja jiki ta kama bakin teburin, ta miƙa yatsa ta danna H, ta danna babban madannin.

Ya hankaɗe ta gefe, ya fizge wayar wuta daga bango. Na'urar ba ta mutu ba, batirin ajiya ya ɗauka da ƙararsa. Ya ɗaga kujerar ƙarfe ya maka wa allon, ya maka wa na'urar, ya sake makawa har murfinta ya ɓalle, fankar ciki ta tsaya. Almakashin na nan a soke a hannunsa, jini yana bin gwiwar hannun yana ɗiga a kan farar shaddarsa.

Sai ya tsaya yana haki.

"Fayil ɗin ya tafi?"

Juwairiyya na kwance a ƙasa tana tari, maƙogwaronta kamar an zuba barkono.

"Daƙiƙa biyu yake ɗauka," ta ce da kyar. "Ya tafi."

Ya zare almakashin da kansa ya yar. Ya zauna a bakin teburin ya zura wa bango ido. Daga nesa aka ji liman ya tayar da kabbara.

Ita ce ta fara magana.

"Jiya ma ya yi ja."

Bai juyo ba.

"Yaya. Jiya wa ka ba su?"

"Mi zai ƙara miki?"

"Faɗa min."

"Sun ce akwai wani a Kwatarkwashi da ya hana su sakat, duk sanda sunka biyo ta bayan dutse sai su tarar gari ya watse. Mutum ɗaya ne a fayil ɗin daga can. Wani Malam Yelwa. Ban san shi ba. Na tura musu sunan da lambar."

Juwairiyya ta yunƙura ta zauna. Jinin goshinta ya shiga idonta, ba ta goge ba.

"Babu wani Malam Yelwa."

Ya juyo.

"Ni na ƙirƙiri sunan. Mutumin ya roƙe ni kada in rubuta nasa, ya ce ba ya son ka sani, don za ka hana shi. Ni na saya masa layin, ni na koya masa yadda zai turo saƙo."

"Wane ne?"

"Wa ke da gona a bayan dutse, Yaya?"

Ta ga lokacin da abin ya shige shi. Bakinsa ya buɗe, ya rufe.

"A'a."

"Kawu Ɗahiru."

"A'a. Kawu ko karatun boko bai yi ba. Kawu..."

"Murya yake turowa. Wata bakwai ke nan."

Kawu Ɗahiru ƙanin Inna ne. Shi ya ɗauke su su biyu ranar da aka binne Baba, ya goya Juwairiyya a baya ya riƙe hannun Haliru, daga Bunguɗu har gidansa. Shi ya tsaya wa Haliru wakili ranar da aka ɗaura aurensa da Balkisu.

Haliru ya zamo daga teburin ya rarrafo wajenta, yana barin sawun jini a kan tayil.

"Kira shi. Kira shi yanzu ki ce ya bar gonar, ya bar garin. Suna ne na bogi, sai sun yi bincike kafin su gane. Kira shi."

Wayarta na can ofishin gaba. Kafin ta miƙe, tasa da ke yashe cikin gilasai ta fara ruri. Babu suna a kan allon, lamba ce kawai.

Suka dubi juna.

Ya ɗauka da hannun da bai ji ciwo ba, ya buɗe murya.

"Injiniya." Muryar a sake take, kamar mai gaida aboki. "An sauko Juma'a lahiya?"

"Lafiya."

"Ina saƙonmu?"

Haliru ya dubi fasasshiyar na'urar.

"An samu matsala. Na'urar ta lalace. Ku ƙara min kwana biyu, don girman Allah, zan..."

"Ta lalace ko an lalata ta?"

Haliru ya dubi Juwairiyya.

"To, ba komi. Malam Yelwan da kat turo muna, ga shi nan tun hantsi. Ba mu sha wuya ba, lambar munka buga a bakin gona, aljihunai ya amsa. Tsoho mai taurin kai. Haƙora huɗu munka cire mai, ko sunan mutum guda bai hwaɗi ba."

Juwairiyya ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ku bar shi," in ji Haliru. "Kawuna ne. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ku bar shi, ni ku zo ku ɗauke ni."

"Mi za mu yi da kai? Kai ko sunayen ba ka riƙe ba." Mutumin ya yi 'yar dariya. "Amma mun saurari wayar tsohon. Akwai wata yarinya da ka turo mai murya. Kawu kaza, Kawu kaza. Har tana ce mai ya kwantar da hankalinai, duk mutanen ita ɗai ta san su, suna cikin kanta. Juwairiyya. Ƙanwarka ce, ko?"

Haliru ya runtse ido.

"Tana kusa?"

Ta girgiza masa kai. Ya kawar da idonsa daga kanta.

"Saurara, Injiniya. Matarka ta hwara naƙuda tun safe. Nan babu ungozoma, sai mu. Ka kawo muna yarinyar bakin gadar da munka haɗu kahin la'asar, ka ɗauki matarka da tsohonka ka kai su asibiti. In la'asar ta yi ba mu gan ku ba, ka san sauran."

Can bayan muryar wata mace ta saki wani dogon nishi, ta kira sunan Haliru sau ɗaya. Aka kashe wayar.



Haliru ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya warware dardumar daga kafaɗarsa, ya naɗe hannunsa mai jini da ita, ya ɗaure da haƙora. Ya dubi agogon hannunsa. Ya miƙe ya je ya tsaya a bakin ƙofar da ke fita ofishin gaba, ya cika ta da jikinsa.

"Yaya," ta ce.

Bai kalli fuskarta ba.

"Tashi ki sa takalminki."